Neman shawara: Na yi wa yara alkawarin Assop, uwargida ta ce sam

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min, kaina ya kulle.

Ni mutumin Kano ne, bara aka yi min canjin wurin aiki zuwa Jos. Tun muna Kano likita ya ce jinina ya fara hawa, in rage gishiri, in riƙa tattaki. A can ban iya ba, ga zafi ga hayaƙin a-daidaita-sahu, daga ofis sai gida. Da na zo nan wani abokin aikina ya ja ni duwatsun Shere ranar Asabar. Ba ƙololuwa muke zuwa ba, mukan ɗan haura mu zauna kan falalen dutse, mu sauko kafin rana ta ɗaga. Wallahi barcina ya daidaita, tumbin ma ya fara sauka, wandunan da na ajiye sun koma shiga ta. Ita kanta uwargida ta yaba.

Yanzu iyali sun zo hutun Agusta. Na ce zan kai yara Assop, gangaren ruwan nan na hanyar Akwanga, mu ɗan hau dutse mu yi iyo. Har na ba mai mota kafin alƙalami. Uwargida ta ce ƙafar ɗanta ba za ta taɓa ruwan daji ba, ta kira Hajiyarmu ta faɗa mata. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ni kuwa na iya ruwa tun ina yaro. Ya zan yi?

Maman Ilham: Yaran shekarunsu nawa? Su sun iya iyon?

Baban Bukur: Malam, a nan aka haife ni, nan na tsufa. Ba a shiga Assop a watan marka. Jos tana sama da mita 1,200, wani ruwan da aka tafka a kan tudu ta wajen Hawan Kibo yake gangarowa. Kana tsaye rana na haskawa a kanka, can sama an yi ruwa ba ka sani ba, sai dai ka ga ruwan ya koma ja ya ƙaru. Ga gansakuka a kan duwatsu, santsi kamar an zuba karkashi. Ka bari sai Nuwamba ko Disamba.

Mai tambaya: Baba na gode, amma Disamba ai sanyin Jos ba ya barin mutum ya yi alwala da daɗi, balle iyo. Kuma lokacin hutun gajere ne. In Assop ba ta yiwu, akwai wani kududdufi wajen Rayfield, ruwan a kwance yake lumui, na ga samari na shiga.

Baban Bukur: Inna lillahi. Wannan ai ya fi muni. Ramukan kuza ne, kamfanonin Turawa suka haƙa tun zamanin mulkin mallaka suka tafi suka bar su. Ba su da gaɓa mai gangara a hankali, taku biyu ka zurma. Sama ɗumi, ƙasa ƙanƙara, jijiyar ƙafa ta ɗaure maka, ga taɓo a gindi yana riƙe mutum. Ka tambayi duk wanda ya girma a Bukur ko Barikin Ladi, ba wanda bai san gidan da aka yi makoki saboda ramukan nan ba. Gwani ai shi ruwa kan ci.

Anti Nas: Ni abin da ba a ambata ba shi ne tsargiya. Ruwan da ke kwance, mai katantanwa, nan ake ɗaukarta, ta fata take shiga ba sai an sha ba. Sai bayan makonni ko watanni ka ga yaro na fitsarin jini. Akwai magani, praziquantel, amma me ya kai ka?

Uwar Biyu: Hmm. Wata mijinta na roƙon ya fita da ita tana ƙi. Ni tun da aka kawo ni gidan nan ko gidan zu ba a taɓa kai ni ba, kullum "ba lokaci", amma akwai lokacin kallon ƙwallo har sha ɗayan dare. Allah ya ba mu haƙuri kawai.

Ɗan Bauchi: Ka kai su Yankari mana. Ruwan Wikki garai-garai kana ganin yashi a ƙasa, ɗuminsa digiri 31 rani da damina, akwai wajen da bai da zurfi. Madam ma za ta yarda.

Baban Bukur: Yankari da damina? Ciyawa ta rufe ko'ina, ko giwa ba za su gani ba, birai su wawushe musu abinci. Ga nisa, sai ka wuce Bauchi da tafiya mai tsawo. Ya tsaya Shere ɗinsa, ya fita da sassafe tun hazo bai sauko ba, in ya ji tsawa ya sauka, shi ke nan.

Malam Tsangaya: Ni dai a kiyaye shiga ruwa da tsakar rana da almuru, wuraren nan akwai masu su. Kuma tunda mahaifiya ta sa baki, magana ta ƙare.

Mai tambaya: Hajiya ba ta hana ba, cewa ta yi a yi hankali. Kuma jama'a ba wai jefa su zan yi a ruwa ba, ina riƙe da su. Ba na son yara su taso suna tsoron komai, daga waya sai talabijin. Kuɗin motar ma ba a mayarwa. Ina ganin za mu je mu duba kawai, in ruwan da sauƙi su ɗan tsoma ƙafa.

Baban Bukur: To dama ka gama yanke hukunci, me ka zo nema wajenmu?

Uwar Biyu: Ku ƙyale shi, duk halinsu ɗaya.

Ɗan Bauchi: Nawa mai motar ya ce maka zuwa da dawowa? Ina da wanda zai yi maka ƙasa da haka in Yankarin ne.

Maman Ilham: Har yanzu fa ba ka faɗi shekarun yaran ba.