Ina son mai da iyalina Matamaye bayan shekara 17 a Agadas

Bakaniken Tudu:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, musamman daga wanda ya taɓa kwashe iyali daga arewa ya mai da su kudu.

Ni mutumin Matamaye ne, amma tun 2008 nake Agadas. Yaron gareji na zo, ambaliyar 2009 da ta rushe gidaje ta same ni ina kwana cikin wata matacciyar Land Cruiser. Yau ina da garejina da yara 3 masu koyo, Hilux muka fi gyarawa. A nan na yi aure. Maiɗakina 'yar Agadas ce gaba da baya, gidansu na cikin tsohon gari, daga tsakar gida kana hango hasumiyar babban masallaci. 'Ya'yanmu 4. Babbar tana ajin ƙarshe na kwaleji, bana za ta zauna BEPC, jarrabawar gama kwaleji, mai bi mata namiji ne ɗan shekara 12, sai 'yar shekara 7, sai auta da aka yaye kwanan nan.

Ba yunwa ce za ta kore ni ba. Na ga lokacin da duk ranar Litinin ayarin motoci ke fita zuwa Dirku da Libiya, mu kwana biyu ba mu runtsa ba saboda aiki. Na ga lokacin da dokar 2015 ta hana jigilar baƙin haure ta fara ciwo, aka kama motoci da direbobi, gareji ya koma wurin shan shayi. Zinariyar Jado ce ta riƙe mu. Da aka soke dokar a ƙarshen 2023 aiki ya farfaɗo, sai dai kuɗin da ke shigowa ta ƙofa yana fita ta taga. Haya jika 40 nake biya, in bazara ta yi famfon unguwarmu sai tsakar dare yake kawo ruwa, wani lokaci sai mun sayi na 'yan garuwa. Kuma ɗana ya fara zancen masu zinariya, wane ya sayi babur, wane ya sayi waya. Wannan maganar ta fi hayar tayar mini da hankali.

Babban dalilin dai shi ne Baba ya rasu bara. Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni. Akwai gona, akwai 'yar garkar rake a fadama, ƙanena ɗaya namiji yana Kano, 'yan'uwa mata duk suna gidajen mazajensu. Duk sanda muka yi waya sai ta ce “ba komai, ku yi zamanku,” ni kuwa na san muryar mahaifiyata.

Abin da ke hana ni barci shi ne, ni gida zan koma, amma su biyar ɗin nan baƙunci za su tafi. Yarana sau 2 kawai suka je Matamaye, duk da sallah, kwana huɗu-huɗu. Ba su taɓa ganin gero ya fi tsawon mutum ba. Maiɗakina ba ta ce a'a ba, ta ce duk inda na sa ƙafa nan za ta sa, amma tun ranar ta rage magana. Wane lokaci ya fi dacewa mu tashi? In sayar da garejin in yi jari, ko in bar shi? Ina kuma da wani fili da na saya a bayan gari ban gina ba. Ita kuma yaya zan yi kada in cuce ta?

Majo Mai Allura:

Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ka ladan niyyar nan. Ni a ɗakin yara nake aiki a jihar Damagaram, ta nan zan ba ka amsa.

Don Allah kada ka kawo yaran nan cikin damina. Daga Agusta zuwa Oktoba gadajenmu ba sa isa saboda masassarar cizon sauro. Yaron da aka haifa a kudu sauro ya sha cizonsa shekara da shekaru, in ya girma jikinsa ya ɗan saba. Naka sun tashi inda damina gajeriya ce, don haka ko babbar da uwarsu masassarar na iya kayar da su kamar ƙananan yara. Ga shi kuma ka ce akwai garka a fadama, nan ne gidan sauro na asali.

Ku zo bayan kaka, da sanyi ya shigo. Kowane gado a ɗaura masa sange mai magani tun daren farko. In damina ta kama, ma'aikata na bi gida-gida suna ba 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin masassara wata-wata, kada autan ya tsallake ko zagaye ɗaya. Jikin yaro ya yi zafi, a kai shi likita ranar a yi gwajin jini, kada a tsaya sayen ƙwaya a faranti. In ya fara amai ba tsayawa, ko suma, ko tafin hannu ya yi fari, ko da tsakar dare ne a tafi. Ka zo da katin rigakafinsu duka. Sai ruwan sha: makonnin farko za su yi ta gudawa in aka ba su na rijiya kai tsaye, a tafasa musu ko a sa maganin ruwa.

Tsohon Direban Tanut:

Ɗana, ni shekara 30 na yi ina bin hanyar nan, Agadas, Adarbisanat, Tanut, Damagaram, kilomita wajen 450. Zan faɗa maka abin da ba za ka so ji ba.

Ka tuna su wa muke ɗaukowa daga Damagaram zuwa arewa? Matan Kance ne da goyo a baya, za su Aljeriya. Mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada bayan Arlit a 2013, yawancinsu mata da yara ne na ƙasarku. Ba son yawo ya fitar da su ba. Gonakin can an raba, an sake rabawa, har wani gadonsa bai kai a yini ana nomansa ba. Ita gonar Baban naka an raba gado ko ba a raba ba? In ba a raba ba, ka tara 'yan'uwanka a gaban malami da mai gari tun kana Agadas, a san na kowa, a rubuta. Kada ka zuba kuɗinka a garka, rake ya yi kyau, sannan a tuna cewa ta kowa ce.

Gareji kuwa kada ka sayar. Sakin reshe kama ganye ke nan. Hilux nawa ke Matamaye? Ka ƙirga su da yatsunka. Aikin can babura ne, da injin ban ruwa, da injin niƙa, sai manyan motocin da ke bi ta Ɗan Barto zuwa Daura da Kano. Hannunka zai iya, amma kuɗin ba ɗaya ba ne, kuma rabin masu kawo maka gyara 'yan'uwa ne, da “Allah ya yi albarka” za su biya ka. Wasu kuma da naira za su biya, kai da ka saba lissafi da sefa, sai ka koyi canji tun daga yanzu. Ka bar babban yaronka mai koyo a garejin, ku yi yarjejeniya gaban shaidu, duk wata ya turo maka rabonka ta kamfanin aika kuɗi na Nita. Filin ma ka riƙe, ba ya cin tuwo.

In da ni ne ma, Inna zan ɗauko in kawo ta Agadas. Tsohuwa ɗaya ta fi mutum 6 sauƙin ɗauka.

'Yar Akokan:

Baba direba ya yi gaskiya kan gareji, amma maganar a ɗauko tsohuwa daga ɗakin da mijinta ya bar ta, ban goyi baya ba. Ba za ta zauna ba, in ta zauna ma ba za ta daɗe da lafiya ba.

Malam, ni ce irin matarka. A Arlit aka haife ni, a can na yi aure. Da aka rufe COMINAK, kamfanin haƙar uranium, a ƙarshen Maris 2021 aikin maigidana ya tsaya, muka koma garinsu kusa da Tasawa da yara 3. Bari in gaya maka abin da matarka ba za ta gaya maka ba.

Ba rijiya ce ta ba ni wuya ba, ba itacen girki ba, duk da da gas na saba. Waɗannan hannu yana koyo. Abin da ya karya ni shi ne ba ni da ƙofa tawa. An ba mu ɗaki a cikin babban gida, tukunya ɗaya da matan yayyensa. In na sa wa miya abin da na saba, a ce 'yar bariki. In na yi magana a kwaikwayi Hausata, ana dariya, su a wurinsu wasa ne. Duk abin da na zo da shi, daga bokiti har faranti, ya zama na gida. Maigidana kuwa ya dawo cikin abokan ƙuruciyarsa, yana majalisa har dare, yana ganin kowa na jin daɗin da yake ji. Wata 7 na yi ina kuka a banɗaki don kada yara su gani. Ba mugaye ba ne, wallahi surukata har yau ina yi mata addu'a. Zo mu zauna ne kawai, zo mu saɓa.

Abin da ya gyara zamanmu katanga ce. Ya sayar da baburinsa ya ja katanga, ya fitar mana da ƙofa, na ɗora tukunyata. Kullum ni ke kai wa surukata kwanonta da hannuna, kuma daga ranar muka fara shiri da matan gidan. Don haka kafin ka ɗauko ta, ka gina mata sashenta, ko ɗaki biyu ne na laka, da makewayinta. Kusa da Inna, amma ba cikin tsakar gidan Inna ba.

Kada kuma ka raba ta da sana'a. Ni a Arlit ƙanƙara nake sayarwa, da na zo wutar ba ta zama, firij ya koma wurin ajiyar kwanoni. Sai da na shiga asusun mata masu dubara na sayi awaki biyu, a nan ma na samu ƙawaye. Kuma ka yanka mata lokacin zuwa gida, ka faɗa da bakinka gaban iyayenta, kada ya zama sai ta roƙa. Shirun da ka ce ta yi, ka zaunar da ita ka tambaye ta me take tsoro, ka yi shiru kai ma har ta gama.

Mushen Firamare:

Majo ta ce bayan kaka, mu kuma a Oktoba muke buɗe lakwal, to sai a haɗa biyun: ku tashi a hutun ƙarshen Disamba, ƙananan su fara zango na biyu a can. Ka karɓi takardar shaidar makaranta da ta makinsu a hannun darakta kafin hutu, ka haɗa da takardun haihuwa, ka je da kanka ka ga daraktan can tun kafin ranar.

Babbar kuwa ka bar ta wurin kakarta ta Agadas har ta gama BEPC. Sauya wa yarinya malamai ana saura wata 6 jarrabawa asara ce. In ta iso kuma ka tsaya mata, don za ka sha tambayar yaushe za a yi mata aure tun ba ta kwance kayanta ba.

Bakaniken Tudu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba direba, na taɓa yi wa Inna maganar zuwa Agadas. Ta ce ita da gawon da ke bayan ɗakinta sai dai a fitar da ɗaya a bar ɗaya, ban sake tayar da zancen ba. Gado ba a raba ba, kuma ban taɓa kawo shi a raina ba sai da ka faɗa. Na kira ƙanena na Kano, mun sa bayan girbi. Garejin zan bar shi.

Hajiya 'Yar Akokan, jiya bayan isha'i na yi yadda kika ce. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Ashe ba aikin ƙauye take tsoro ba. Tsoronta kada mahaifiyarta ta kwanta ciwo tana nesa, kamar yadda tawa take yanzu ina nesa. Shekara 15 muna tare, ban hango wannan ba. Mun tsayar cewa duk shekara za ta zo bikin Biyanu na Agadas da yaran ta yi wata guda, in kuma aka kira ta don rashin lafiya ba sai ta jira izinina ba, kuɗin mota na ajiye a hannunta. Ta roƙi kada a sayar da filin bayan gari, na ce ba za a sayar ba.

Wata mai kamawa zan je ni kaɗai in sa a buga tubali. Wanda ya san abin da babbar mota ke karɓa yanzu daga Agadas zuwa Damagaram da kayan ɗaki, da kuma ko gara in sauke a can in sake wata zuwa Matamaye ta Takeita, ya taimaka mini. Akwai keken ɗinkinta da kwamfuresa ɗaya da ba na son a jefa su ƙarƙashin buhuna.