Wai Burazil ƙwallo da rawa ce kawai?

Ɗan Kurmi: Jama'a, raina a ɓace yake. Jiya a majalisa na ce akwai jinin Hausawa a Burazil, aka yi ta yi mini dariya, wai mutanen da ba su san komai ba sai ƙwallo da rawar kan titi. Alhali a birnin Salbado na jihar Bahiya, a 1835, cikin watan azumi, bayi Musulmi suka fito da fararen riguna, layu a wuya, suka yi tawaye. A jikin waɗanda aka kashe an tsinci takardu da rubutun Larabci. Da kakanninmu a ciki.

Malam Sabo: Ɗan Kurmi, janye kalmar "bayi". Mutumin da ya yi karatun allo, aka kama shi a yaƙi, kamamme ne.

Maman Hanif: Allah gafarta Malam, an saye su, an sayar, sun yi dako da noman rake ba ko kwabo. Sai 1888 Burazil ta haramta abin. Sunansa bauta.

Malam Sabo: Hajiya, Musulmi bawan Allah ne kaɗai. Ba zan kira shi da sunan da azzalumi ya raɗa masa ba.

Ɗan Damagaram: To wa ya kama su tun farko? Yaƙe-yaƙen da suka ɓarke daga 1804 su suka kora mutane da yawa bakin teku.

Ɗan Kurmi: Kada ka jawo mana Shehu cikin maganar nan.

Ɗan Damagaram: Ban kama sunan kowa ba, malam. Ku na Sakkwato da Kano kullum haka kuke.

Tunde Sabongari: Ku yi haƙuri, a na 1835 Yarabawa suka fi yawa. Male da ake kiransu ma daga "imale" take, wato Musulmi da Yarabanci. Har ƙosanmu yana can, akaraje. Mata masu fararen kaya ke toya shi da manja, a tsaga a zuba jatan lande.

Maman Hanif: Ƙosanku? Tun ina goye kakata ke toya ƙosai a ƙofar gida da man gyaɗa, yara na layi da kwanonin koko. Manja ai ɓata ƙosai ne.

Tunde Sabongari: Hajiya, sunan akara ne ya tsallaka teku.

Auwal Ajantina: Kofin duniya biyar ɗin ma tun 2002 ba su ƙara ba.

Ɗan Kurmi: Auwal, irinka ne suka ɓata mini rai jiya.

Shugaban zaure: Na karanta duka. Abin da ya tabbata, Hausawa suka fara, domin tun 1807 aka bankaɗo shirin tawayensu a Bahiya, Tunde ka riƙe wannan. Malam Sabo ya fi kowa hujja, daga yau "kamammu" za mu riƙa cewa a zauren nan. Maganar 1804 ba wurinta ba ne, Ɗan Damagaram ka kiyaye. Ƙosai kuwa namu ne, kuma da man gyaɗa ake toya shi.

Maman Hanif: Shugaba, ban yarda da "kamammu" ba. An sayar da su.