Mota na fizga idan an taka totur, daga ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mota mai shan fetur, giyarta otomatik, tana fizga da zarar an taka totur, musamman a hawa. A tsaye kuwa injin lafiya lau. Me za a fara dubawa?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Malam, fara da fulogi. Kwance su ka duba bakinsu: baƙin toka na nufin mai ya yi yawa, fari fat kuma mai bai isa ba. Fulogi na gama-gari yakan gaji wajen kilomita 30,000, na iridiyom ya kai 100,000. In an jona kwamfutar gwajin mota ta nuna lambar matsala P0302, silinda ta 2 ce ke tsallake wuta. Ɗauke kwayil ɗinta (abin da ke ba fulogi wuta) ka mayar kan ta 3. Idan lambar ta koma P0303, kwayil ne ya mutu.

Amsa ta 2: Tunda a hawa abin ya fi tsananta, ni mai nake zargi. Filta ta toshe ko famfon mai ya raunana, sai injin ya nemi mai ya rasa. A sa geji a auna matsin mai: yawancin motoci masu nozul na gama-gari suna son bar 3 zuwa 4 (bar ma'aunin matsi ne). A wanke sensar iska da feshinta na musamman, kada a taɓa siririyar wayar da hannu.

Amsa ta 3: Idan fizgar daidai lokacin canjin giya take zuwa, duba man giya. Ya yi baƙi yana warin ƙuna? Giyabos ne. Kuma don Allah in fitilar injin tana ƙiftawa, a ajiye motar, ɗanyen mai na ƙona katalis, wato matatar hayaƙi da ke jikin salansa.