Allurar awo da tarin shiƙa: tana kare jariri ko sai ta sati shida?

Amaryar Fadamar Mada: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Cikina wata bakwai, na fari ne. An yi mini allura sau biyu a wurin awo. Yaran maƙwabtanmu suna ta wani tari mai sa su amai, an ce tarin shiƙa ne. Allurar da aka yi mini za ta kare abin da zan haifa, ko akwai wata da zan nema?

Maman Hanif: Wa alaikumus salam. Allah Ya raba lafiya. Bari su Sista su shigo.

Sista ta Yelwa: Amin. Ƙanwata, duba katin awonki, za ki ga an rubuta Td. Wannan ta tetanus ce da mashaƙo, babu tarin shiƙa a cikinta. Tana da amfani ƙwarai, ita ke kare jariri daga tetanus ɗin da ke shiga ta cibiya, amma aikinta ke nan. Wadda ake yi wa masu ciki don tarin shiƙa sunanta Tdap. A Amurka ana yinta tsakanin sati 27 zuwa 36 na kowane ciki, Ingila ma tana yi tun 2012. Ba ta cikin jadawalin kyauta na asibitocin gwamnati a nan. In kina da hali, tambayi likitan da ke duba ki ko za a samu a asibitin kuɗi, yanzu ne lokacinta. In ba a samu ba kada ki tayar da hankalinki, ki riƙe ranar sati shida da kyau, ranar da za a yi wa jaririn allurar tarin shiƙa ta farko.

Abban Sadiq: Sati shida daga haihuwa ko daga suna?

Sista ta Yelwa: Daga haihuwa, Malam. Kwana 42. Ku ƙirga arba'in ku ƙara kwana biyu.

Jami'in Lafiya, Azare: Bari in shimfiɗa shi dalla-dalla, don a nan ake yawan tafka kuskure. Riga-kafin tarin shiƙa na cikin allurar Penta, wadda ta maye gurbin tsohuwar allurar DPT a Nijeriya daga 2012. Cuta biyar take karewa: mashaƙo, tarin shiƙa, tetanus, ciwon hanta nau'in B, da ƙwayar Hib mai kawo sanƙarau da nimoniya ga ƙananan yara. Sau uku ake yi, a sati 6, sati 10 da sati 14, rabin mililita kowane zuwa, a gefen cinyar hagu ta waje. Ba a ɗuwawu ake yi ba. Ta cinyar dama ita ce PCV, allurar nimoniya, da ta shan inna ta allura a ranakun da ake haɗa ta.

Ta farko tana rage haɗarin mutuwa, amma kariyar ba ta cika sai an yi ukun. Abin da ya fi damunmu shi ne uwa ta kawo yaro ta farko, ya yi zazzaɓi ya kwana yana kuka, maigida ya ce ba za a koma ba. Wannan yaron ya sha zafin allura kuma bai sami cikakken amfaninta ba. Zazzaɓin nan an san da shi. Irin Penta da ake yi a nan an haɗa ta ne da matacciyar ƙwayar cutar gaba ɗayanta, shi ya sa jiki ke ɗaukar zafi, cinyar ta kumbura, yaro ya yi rigima kwana ɗaya ko biyu. Ba ta sa wa yaro cutar, matacciyar ƙwaya ba ta hayayyafa.

Na biyu, wankan jego. Yarinya ta haihu a Bauchi, aka kai ta gida Misau ko Darazo, sai a ce a bari ta koma ɗakinta a ci gaba a inda aka fara. Babu wannan dokar. Katin yaro shi ne shaidarsa, kowane asibitin sha-ka-tafi na gwamnati zai karɓa ya ɗora daga inda aka tsaya, kuma kyauta ne. A sa katin cikin kayan mai jego tun ranar tafiya.

Na uku, wanda ya makara ba a sake masa daga farko. In an yi ta ɗaya aka yi wata uku ba a koma ba, ta biyu za a yi masa yau, ta uku bayan sati huɗu. Tazarar ce ba a ragewa ƙasa da sati huɗu. Mura ko ɗan gudawa ba sa hana allura. Bakwaini ma da ranar haihuwarsa ake yi masa lissafi, ba a jira ya yi ƙiba.

Maman Hanif: Kumburin cinyar a gasa da ruwan ɗumi, yana saɓewa.

Sista ta Yelwa: A'a Maman Hanif, ba a gasawa, ba a murzawa, ba a shafa man zafi. Tsumma mai tsabta a jiƙa da ruwan sanyi a ɗora. Ɗan ƙullutun da ke saura yakan yi makonni kafin ya baje, ba komai ba ne.

Maman Hanif: Iyayenmu da gashi suka raine mu, Sista.

Sista ta Yelwa: Gashin mai jego daban, fatar ɗan sati shida daban. Ruwan da hannunki ya ji daidai yana iya ƙona shi. In wurin ya yi ja sosai, yana ƙara girma bayan kwana biyu, ko ya fara tara ruwa, asibiti za a koma.

Mai Kemis, Wunti: Kan farasitamol: na ruwa na yara akwai mai 120mg a cikin 5ml, akwai na ɗigawa mai 100mg a cikin 1ml. Ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, wanda ya auna na ɗigawa da ma'aunin na farko ya ninka wa yaro magani sau huɗu. Da nauyin yaro ake lissafi, don haka ranar allura a ce ma'aikaciya ta rubuta adadin a takarda, a auna da sirinji, ban da cokalin shayi. Kada a ba jariri asfirin.

Hajiya Kaka: Ni tambayata ta dabam ce. Yaya ake bambance tarin shiƙa da tarin sanyi? Yanzu hunturu ya shigo kowane gida tari ake.

Likitan Yara: Hajiya, a satin farko da na biyu ba a gane shi da ido, kuma a lokacin ya fi yaɗuwa. Mura ce kawai, majina, ɗan tari, zazzaɓi kaɗan ko babu. Bayan nan tarin ke sauya kama: yaro ya yi ta yi a jere ba ya samun jan numfashi, fuska ta yi ja, ido ya firfito, sai ya ja iska da ƙara, sau da yawa amai ya biyo. Ya fi tashi da dare. Tsakanin tashi da tashi kuma yaron garau, yana wasansa, abin da ke ruɗin iyaye ke nan. Yakan ja wata biyu zuwa uku.

Amma ku kula da wannan, don shi ne ke kashewa. Jariri ɗan ƙasa da wata uku sau da yawa ba ya yin wannan ƙarar, wani ma ba ya tari sosai. Numfashinsa ne ke ɗaukewa, leɓe da harshe su yi duhu, jiki ya saki, ya kasa kama nono. Wanda ya ga haka ko sau ɗaya ya ɗauke shi zuwa babban asibiti a daren, ba kemis ba. A cikin gari ga Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa da Asibitin Ƙwararru. Irin wannan jaririn kwantar da shi ake yi, don a sa ido kan numfashinsa a kuma ba shi iskar oksijin in ta kama.

Abin da ke kawo tarin shiƙa ƙwayar bakteriya ce, Bordetella pertussis, ta tari da atishawa take bi. Maganinta azithromycin na kwana biyar, likita ne zai rubuta. In an fara da wuri yana sassauta ciwon. In tari ya riga ya kama, ba zai tsayar da shi ba, amma bayan kwana biyar ana sha mutum ya daina yaɗawa. Wanda bai sha ba yana yaɗa ta har sati uku daga fara tarin.

Abban Sadiq: To maganin tari na kwalba fa?

Mai Kemis, Wunti: Ba ya yi wa tarin shiƙa komai, kuma ba a ba jarirai. Zuma ma sai yaro ya cika shekara.

Likitan Yara: Kuma don Allah ban da kai shi wurin wanzami a cire belu. Ba belu ne ke sa tarin ba. Jini zai zuba, ya kasa shan nono, ga hanyar tetanus an buɗe.

Anti Mai Atamfa: Salam, sababbin leshi da atamfa na fitar suna sun iso, mai so ta yi mini magana.

Shugabar Zaure: Anti, talla ranar Asabar ce. A goge don Allah.

Hajiya Kaka: Wato dai yawon arba'in ma sai a fasa ke nan? Dangi za su ce an raina su.

Sista ta Yelwa: Ban ce a fasa zumunci ba, Hajiya. Amma a duba: ranar arba'in yaro ko Penta ta farko bai karɓa ba, a ɗauke shi gida goma, kowa ya karɓa ya sumbata. Yawanci daga cikin gida jariri ke ɗauka, wurin uwa, uba, yayye ko kaka. Babba yakan yi ta tarinsa sati uku yana cewa ƙura ce, domin kariyar allurar yarinta tana raguwa da shekaru, wanda ya taɓa yin ciwon ma yana iya sakewa. A fara zuwa asibiti, yawon ya biyo baya, gidan da ake tari a tsallake shi.

Hajiya Kaka: Ranar suna fa? Ɗaki cike da mata, wa za ki hana ɗauka?

Maman Hanif: Ai wannan aikinku ne kakanni. Mai jego ba ta iya magana, ke kina iyawa.

Jami'in Lafiya, Azare: Amarya, koma kan maƙwabtanki. Ki sa maigida ya yi wa mahaifin yaran magana a kai su asibiti yanzu, tun kafin ki haihu, a duba katunansu har da na sauran yaran gidan. Wanda bai cika Penta uku ba a cika masa. Barkewar mashaƙo ta 2023 da ta taɓa Kano, Yobe da mu nan Bauchi, yawancin waɗanda ta kama ba su da cikakkiyar riga-kafi, kuma Penta ɗin nan ce ke kare mashaƙo da tarin shiƙa duka. Ke ma in tari ya kama ki a watan haihuwa, ki faɗa a wurin awo, kada ki jira.

Amaryar Fadamar Mada: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. A Ningi zan yi wanka. Kowace rana ake yin allurar a can?

Jami'in Lafiya, Azare: Kowane asibiti da ranakunsa. Ranar da aka kai jaririn allurar haihuwa, BCG da ɗigon baki da ta ciwon hanta, ki sa a tambaya a rubuta ranar dawowa a bayan katin.