Otal mai gidan caca a ƙasa: wa ya taɓa sauka ya ji daɗin kwana?

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga mutanen Maraɗi masu zuwa Kwatano da Lome ce, musamman masu zama teburin rulet, cacar nan ta faifai mai juyawa, in an tashi daga harkar tashar jirgin ruwa. Na daɗe ina bugawa, kuma abin da ya kai ni bango yanzu shi ne otal-otal ɗin nan masu gidan caca a ƙasa. Zauren caca fes, kafet sabo, sanyi har sai ka nemi riga mai hannu, ma'aikata cikin kwat suna ta yi maka sannu da zuwa. Ka hau bene ɗaya tak, komai ya canza. Na ƙarshen da na sauka a Lome, jika 45 kwana ɗaya: kilimatizar na tsiyaya a kan labule, famfon wanka in ka murɗa sai ya yi ta gurnani kafin ya kawo jan ruwa, zanen gado duk ƙunar sigari. Na gaya wa yaron resepsiyo, ya ce gobe. Gobe ta yi, ya ce mai gyara bai zo ba. Amma da injin caca guda ya tsaya, a kan idona mutum biyu suka iso da akwatin kayan aiki kafin in gama shan ruwan da ke hannuna. Ku ma haka kuke gani, ko ni ke faɗawa inda bai dace ba?

Na-Kwatano:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba kai kaɗai ba ne. Ni harkar motoci nake, kuma lokacin da hanyar Gaya ke aiki, mu taso daga Maraɗi mu bi Konni, Dosso, mu tsallaka gadar Malanbil, mu bi Paraku har Kwatano, akwai wani otal da ban taɓa biyan kuɗin ɗaki ba. Sun ba ni kati, da na shigo mai kula da zaure ke tarbata, Alhaji kaza, Alhaji kaza, a ɗauki jakata a kai ɗaki mai kallon teku. Abincin dare kyauta, direban otal ya kai ni wurin motoci da safe.

Da aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, kaya suka maƙale, kuɗinmu ya kwanta. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024 amma gadar ba ta buɗe ba, sai dai ka shiga kwale-kwale ka tsallaka kogi. Da na samu na koma, aljihu ba kamar da ba, na zauna tebur na ɗan taɓa kaɗan na tashi. Washegari takardar kuɗin ɗaki ta iso, cikakke, har da na karin kumallo. Na nuna kati, suka duba kwamfuta suka ce makina ya faɗi. Mutumin da ke riƙe mini jaka da, ranar kansa kawai ya ɗaga mini daga nesa. Ɗakin kuma na bayan kicin ne, kusa da injin wuta. Abin ya ci mini rai ƙwarai, don na ɗauka akwai mutunci tsakaninmu.

Ɗan Mokoyo:
Alhaji, ka yi haƙuri in sa baki, don na yi aikin kai abin sha a irin wannan wuri a Kwatano kafin in dawo gida. Katin nan da aka ba ka, lissafi yake yi: nawa ka zuba, awa nawa ka zauna. Daga abin da gida ke sa ran samu a wurinka ake yanko kuɗin ɗaki da abinci a ce kyauta ne. In zubi ya ragu, kyauta ta tafi.

Maganar lalacewar ɗaki kuma, inda na yi aiki kamfanin caca daban, na otal daban, haya kawai ke tsakaninsu. In baƙo ya kai ƙarar famfo wurin mai kula da zaure, zai ce ba hurumina ba ne, kuma gaskiyarsa. Kuma ba wanda ya damu ka ji daɗin ɗakin, don mutumin da barci ya kwashe ba ya zuba ko dala. Ku tuna, kun taɓa ganin agogo ko taga a zauren? Mu kanmu an hana mu faɗin lokaci sai an tambaya. In baƙo ya fara miƙa yana hamma, a ce maza a kai masa kofi ko abin da yake sha, ba ko sisi.

Kuma Ɗan Bagalam, tunda rulet kake yi, ka dinga duba faifan kafin ka zauna. Na Turai gurbi 37 gare shi, daga 0 zuwa 36, in lambarka ta fito a biya ka ninki 35. Wannan ɗan gibin shi ne abincin gida, kusan 2.7 cikin 100 na duk abin da aka zuba. Akwai kuma irin na Amurka mai sifili biyu, gurbi 38, biya dai ninki 35 ɗin ne, sai rabon gida ya haura 5 cikin 100.

Mai Atamfa:
Ni ban san caca ba, Allah Ya tsare, amma na ɗanɗana. Ɗan yayata ne ya kama mini ɗaki ta waya da zan je sarin atamfa a kasuwar Asigame ta Lome, ya ga hoto mai kyau da farashi mai sauƙi. Ban san abin da ke ƙasa ba sai da dare ya yi. Kiɗa ta cikin bango har gado na rawa. Maza a buge suna hawa suna sauka, sau biyu ana taɓa mini ƙofa, ga kuɗin sari a jikina. Kujera na jawo na tokare ƙofar na zauna a kan sallaya. Asuba ta yi famfo ba ruwa, da ruwan gora na yi alwala, kuma duk otal ɗin ba wanda ya iya nuna mini gabas. Gari na wayewa na kwashe kayana na koma wurin fatomanmu a Zongo. Don Allah 'ya'yana, in za ku kama wa iyayenku mata masauki, ku tambaya me ake yi a ƙasan benen.

Malam Na-Zariya:
'Ya'yana, ina karantawa raina na ɓaci. Allah Ya ambaci giya da caca tare a Suratul Ma'ida, aya ta 90, Ya ce ku nisance su. Ina nan Maraɗi a Nuwamban 2000 lokacin da aka yi tarzoma kan bikin nuna tufafi na FIMA, aka afka wa mashaya da rumfunan caca. Ban goyi bayan ƙone-ƙone ba, amma yau ga caca ta shigo cikin waya, yara na bugawa a zaure gaban iyayensu. Alhaji, kai da ke da iyali da yaran shago, ina roƙonka ka bar katin nan inda yake.

Ɗan Bagalam:
Malam, na ji, kuma ban da abin cewa. A sa mu a addu'a. Hajiya, sannu, wannan bai yi daɗi ba ko kaɗan.

Yaron Duwan:
Yaya Ɗan Bagalam, akwai abin da ba a taɓo ba: ranar da ka ci. Ni ya same ni. Lokacin da nake canza takardun kuɗi zuwa jeto, 'yan kwabban da ake zubawa a teburin caca, ba wanda ya tambaye ni ko sunana. Da na je karɓa, sai ga dokoki: kawo fasfo, katin ɗan ƙasa bai isa ba, jira shugaba ya sa hannu, akwati ba cikakken kuɗi yanzu. Suka ce ga rabi a hannu, saura gobe da yamma, kuma sun ƙara mini kwana ɗaya kyauta. Motata ta safe ce, tikiti a aljihu. Na tsaya a kan bakana a gaban kashiya, na kira abokan tafiyata biyu suka sauko suka tsaya tare da ni, sai ga kuɗin ya fito cif, kusan ƙarfe uku na dare. Da na hau sama katin ƙofar ɗakina ya daina aiki, yaron resepsiyo ya yi barci, sai mai gadi na nemo ya buɗe mini.

Na-Kwatano:
Wannan ƙarin kwanan na san shi, so suke ka sake zama tebur kuɗin ya koma inda ya fito. Yanzu kaya ta Lome suke biyowa, ta Burkina da rakiyar soja, zaman jira ya yi tsawo, kuma zaman jiran nan shi ke kai mutum zauren. Ni dai tafiyar da zan yi bayan salla gidan fatoma zan sauka. Hajiya, in na Zongon nan yana da ɗaki da wurin ajiye mota, a turo mini kwatance ta waya.