Wane suna za mu ba ciwon Parkinson da Hausa?

Jama'a, ina haɗa shirin rediyo kan shaye-shaye a nan Sakkwato, sai na maƙale a kalma ɗaya. Ciwon nan da wani likitan Ingila, James Parkinson, ya bayyana a 1817, me za mu kira shi? Abin da ya kawo shi cikin shirin: a 1982, a Kalifoniya ta Amurka, wasu matasa sun yi wa kansu allurar hodar maye ta jabu mai gurɓin sinadarin MPTP. Cikin 'yan kwanaki jikinsu ya ƙage kamar na masu wannan ciwon, ba tafiya ba magana, domin sinadarin ya kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da dofamin, wani sinadari da ke taimakawa wajen sarrafa motsin jiki.

Wani dattijo daga Mabera: Ɗana, ai makyarkyata muka ce ma wanga abu tun kakanni. Mi za a tsaya nema?

Allah ya ƙara girma, Baba, amma mai zazzaɓi ma yana makyarkyata, haka wanda sanyin hunturu ya kama.

Wata ma'aikaciyar jinya: Malam, rawar hannu ba ita ce babbar alama ba. Abin da muka fi gani shi ne jiki ya yi tauri, motsi ya yi nauyi, taku ya gajarce, fuska ta tsaya kamar ba a taɓa dariya da ita ba. Wani ma ba ya rawar ko kaɗan. Ka kuma bambance shi da jijjigar da tiramol ke jawowa, da tangaɗin masu shaƙar sholisho. Wani abin takaici, Exol ɗin da samari ke haɗiya don maye, asalinsa maganin wannan ciwon ne.

Wani ɗalibi: To a ce sanƙarewa mana.

A'a ƙanena, sanƙarau ya riga mu. Ka faɗi haka a rediyo, gobe uwaye su cika asibiti neman rigakafi. Amma ka ba ni hanya: yadda sanƙarewa ta haifi sanƙarau, daskarewa ta haifi daskarau. Sauran dangin, rawa da fizga da tangaɗi, mu haɗa su a tangarɗar motsi.

Dattijon: Daskarau ya zamna ga baki. Sai dai ka hwaɗa ma mutane mafi yawan masu shi tsohhi na, ba su taɓa shan komi ba, kar a riƙa nuna su da baki.

Zan faɗa, Baba, da shi zan buɗe shirin.