Jirgin ƙasan TAZARA da tsaunukan kudancin Tanzaniya: wa ya taɓa shiga?

Mai tambaya, Yamai
Salamu alaikum jama'a. Mu huɗu ne, muna son hutun kwana goma a tsaunukan Tanzaniya, mu shiga jirgin ƙasa mu ga namun daji ta taga. A nan dai tun da aka shimfiɗa dogon Yamai zuwa Doso ba mu ga jirgin fasinja yana zirga-zirga a kansa ba, to ba mu san kan abin ba. Waɗanda suka shiga su taimaka.

Tsohon jami'in gandun daji, Yamai
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin maganar kuɗi ko kaya, fara da alkiblar tafiya, don ita ce ke sa a ga dabba ko a dawo hannu rabbana.

Dogon, wanda ake kira TAZARA, yana da tsawon kilomita 1,860, daga Darussalam, birnin bakin teku a Tanzaniya, zuwa Kapiri Mposhi a Zambiya. Sinawa ne suka gina shi, aka gama a 1975. Inda namun daji suke shi ne inda dogon ya ratsa dajin Selous, wanda yankinsa na arewa ya koma gandun Nyerere a 2019, wajen tashoshin Fuga, Matambwe da Kisaki. Matsalar ita ce jirgi yakan tashi daga Darussalam da rana tsaka ko la'asar, kuma sai ya ci sa'o'i kafin ya kai dajin. In ya ɗan makara, wanda kusan kullum haka ne, a duhu za ku ratsa. Ba abin da za ku gani sai fuskarku a gilashi.

Saboda haka ku juya tsarin. Ku je Mbeya, birnin tsaunukan kudu da dogon ya bi ta kansa, da jirgin sama ko mota, ku gama da tsauni, sa'an nan ku sauko da jirgin ƙasa zuwa teku. Mai saukowa yakan iso dajin bayan gari ya waye. Raƙumin dawa, jakin dawa, barewa, gadu da birai su ne aka fi gani. Giwa sai an yi sa'a. Zaki kuwa ku cire rai.

Hajiya mai safarar kaya, Tawa
Abin da Malam ya faɗi haka yake. Ni ta fannin ɗaki zan ƙara. Ajin farko gado huɗu ne, aji na biyu gado shida. Ba a haɗa maza da mata a ɗaki guda sai in kun saye gadajen duka. Ku da kuke huɗu kun dace, ku kama ɗakin ajin farko ku kaɗai, ku yi sallarku ku ajiye kayanku ba mai takura muku. Amma ku nemi tikiti tun da sauran kwanaki, don taragon barci kaɗan ne kuma jirgin ba kullum yake tashi ba.

Ku tafi da buta da ruwan gora, lita uku ga kowane mutum a yini. Ruwan makewayi yakan ƙare tun tafiya ba ta yi nisa ba. Akwai taragon abinci, shinkafa ko tuwon masaransu da suke kira ugali, da kaza ko kifi. Mai shakkar yanka ya tsaya ga kifi. A tashoshi mata na miƙo ayaba da dafaffiyar masara ta taga, sai ku tanadi ƙananan shilin. Kada ku ɗaure kaya cikin leda, an hana ta a ƙasar tun 2019.

Da dare in jirgi ya tsaya, ku rufe taga ku sa sakata. Waya a bakin taga sadaka ce.

Mai ɗaukar hoto, Yamai
Wanda ya saba da raƙuman dawan Kure, inda ake tsayar da mota a ƙare musu kallo, kada ya zaci haka ne a jirgi. Daƙiƙa biyar ce ko goma, dabba ta wuce. Ku raba kanku, biyu a tagar ɗaki, biyu a tagar baranda, wanda ya gani ya kira. Ku riƙa duban nesa wajen gindin itatuwa da bakin ruwa, don abin da ke dab da dogo ƙarar jirgi ta riga ta kore shi.

Madubin hangen nesa mai ninki 8 ya fi mai ninki 12, saboda girgizar tarago tana ninkuwa tare da hoton. Kamara kuma a sa saurin ɗaukarta 1/1000 na daƙiƙa ko mafi sauri, kuma kada a jingina ta da ƙarfen taga. Wurin cajin da ke ɗaki ba abin dogaro ba ne, a zo da batirin ajiya cikakke.

Mai tambaya, Yamai
Na gode ƙwarai. To tsaunin fa, wanne ya fi? Kuma wane wata?

Tsohon jami'in gandun daji, Yamai
Biyu ne a kan hanyar, kuma ba su yi kama ba.

Mbeya na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,700. Daga can ake zuwa dutsen Rungwe da tudun Kitulo. Kitulo wurin furanni ne da tsuntsaye, kuma furannin sai da ruwa, daga wajen Disamba zuwa Afrilu. Ga ƙullin: lokacin nan ciyawa ta yi tsawo a Nyerere, dabbobi sun watse don ruwa na ko'ina. Mai son dabba ya je Yuni zuwa Oktoba, lokacin raninsu. Ba a samun biyun a tafiya guda, sai ku zaɓa.

A ganina na biyun, gandun tsaunukan Udzungwa, ya fi muku. Tashar Mang'ula tana kusa da ƙofar gandun. Ba hanyar mota a ciki, ƙafa ce kawai tare da ɗan jagora, kuma dole ne. Hawan zuwa magangarar ruwan Sanje, mai tsayin mita 170, rabin yini ne ga mai matsakaicin ƙarfi. A nan ake ganin jan birin Udzungwa, wanda babu shi ko'ina a duniya sai yankin. Ku fita da sassafe, don da hantsi birai sun lafe. Takalmi mai riƙe ƙasa, ba silifa ba, hanyar na da santsi.

Tsakanin Makambako da Mlimba ne dogon ya fi kyau, ramuka cikin dutse da dogayen gadoji. Sai dai gaskiya, mai saukowa yakan wuce mafi yawansa da dare. Abin da kuka biya ke nan don ganin dabba da safe.

Ma'aikaciyar lafiya, Tawa
Kada ku manta da katin rigakafin shawara. Mai fitowa daga Nijar ana tambayarsa a filin jirgi, kuma sai allurar ta kwana goma katin ke aiki. Kwarin Kilombero, inda Mang'ula da Ifakara suke, ƙasar shinkafa ce da sauro, a kwana cikin gidan sauro. A daji akwai tsando, yana bin baƙin tufa da shuɗi, a sa mai ruwan ƙasa, mai dogon hannu.

Sanyin Mbeya a Yuni da Yuli ba wasa ba ne, da dare yakan sauka ƙasa da maki 10. Lokacin da muke fama da zafin farkon damina a nan, can rigar sanyi da safa ake nema, har cikin tarago.

Hajiya mai safarar kaya, Tawa
Na tuna wasu abubuwa da ke kayar da baƙo. Agogonsu ya fi namu da awa biyu, wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne lissafin Swahili, wanda ke farawa daga fitowar rana: in mai tikiti ya ce saa tisa, wato awa tara, ƙarfe uku yake nufi. Ku sa ya rubuta muku da lamba.

Tashar TAZARA daban take da ta sabon jirgin lantarki mai zuwa Dodoma. Ku faɗa wa mai taksi sunan sarai. Sefa ba ta canzuwa can, ku tafi da yuro ko sababbin takardun dala, da katin banki, don kuɗin shiga gandu da kati ake biya.

Mbeya zuwa Darussalam kamar kwana guda ne a takarda. Kada ku sa jirgin saman komawa Yamai a ranar isowa ko washegari, ku bar kwana biyu tsakani. Jadawalin ma yana sauyawa, wani lokaci a dakatar da wani jirgin gaba ɗaya, to ku tabbatar da ranar tashi daga tashar kanta kafin ku biya otal.